Gidan Rina a Ɗakin Yaya Hafsatu

Ni dai tun ranar da aka ce mini wai Malam Salihu yana tsoron rina na san da magana a ƙasa. Malam Salihu fa! Mijin yayata marigayiya, marinin da ya shekara hamsin a tsugune bakin karofin Ƙofar Mata, mutumin da kunama ta taɓa harbinsa a sahun sallar Juma'a ya ce bari a sallame tukuna. Wai shi ne yau ƙwaro mai ƙugu kamar zare ya hana shi buɗe ɗaki a cikin gidansa.

Zaharaddeen ne ya kawo mini ƙara har Gwammaja. Shi ne autan Yaya Hafsatu, ni kuwa ƙanwarta ce ciki ɗaya, saboda haka in abu ya cije masa wurina yake zuwa. Ya shigo da sassafe cikin sanyin nan na hunturu mai sa mutum ya yi ta shawara da buta kafin alwala. Ya zauna, na miƙa masa koko da ƙosai, ya ce ya ƙoshi. Yaron da tun yana rarrafe bai taɓa ƙoshi a ɗakina ba.

Na ce, "Kai, lafiya? Ko amaryar ce ta ce ta fasa?"

Ya ce, "Saura kaɗan, Inna Nana. Sau biyu ke nan matan gidan su Zuhra suna shirin zuwa ganin ɗaki muna ɗaga musu. Jiya babanta ya aiko. Ya ce ranar Asabar za su zo, in kuma babu inda za a ajiye yarinya a faɗa masa gaskiya, ya san abin yi."

Gidan nasu na san shi kamar tafin hannuna. Zaure ne, sai ɗan shagon da Zaharaddeen yake kwana, wanda in ka miƙe ƙafa sai ta leƙa waje. Sai turakar Malam, sai ɗakin Yaya Hafsatu a can ƙurya. Tun da aka sa ranar biki kowa ya san ɗakin Yaya za a gyara wa amarya, tunda yaron ya rantse ba zai kama haya ya bar tsohon shi kaɗai a gida ba. Shekara ɗaya da wata biyar ke nan da rasuwar Yaya, ɗakin a kulle, makulli a aljihun Malam.

Na ce, "To a kira masu feshi mana."

"Ya ce warin maganin zai kama kayan Umma."

"A yi musu hayaƙi."

"Ya ce rufin azara ne, gobara muke so mu ja masa. Na ce ni zan shiga da buhu in tsinko gidan, ya ce shi bai haifi ɗan da zai kai wa surukai da kumburarriyar fuska ba."

"Kai ka ga rinar da idonka?"

"Da damina na gan su, suna shiga suna fita ta saman ƙofa. Har Baba sun harba a wuya. Yanzu kuwa ya ce sanyi ne ya sa suka lafe a ciki, kuma wai a lokacin suka fi mugunta."

Na dube shi, ya rame har maƙogwaronsa ya fito. Raina ya ɓaci. Na ce ya shanye kokon nan ko in ɗura masa, jibi Alhamis ina nan tafe.

Abin da Malam bai sani ba, ina da nawa makullin. Yaya ce ta ba ni lokacin da take kwance a asibiti, ina zuwa ɗauko mata kaya, ban kuwa mayar ba. Na bari sai da hantsi ya yi, lokacin da na tabbata yana karofi, sannan na isa gidan.

Kada in yi muku ƙarya, ni ma tsoron rina nake ji, kuma ni nawa na gaskiya ne. Hijabi biyu na zumbula. Na sa safa a ƙafa, na sa wata a hannu. Na ɗauko rariyar tankaɗe a kicin na kifa a fuska na ɗaure da ɗankwali, na riƙe doguwar tsintsiyar yana. Zaharaddeen ya dube ni ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, "Yi dariyarka. Aurenka nake ceto. Koma zaure, in ka ji ihuna ka kira maƙwabta, kada ka shigo."

Na yi bisimilla na murɗa makulli. Ko ƙara ƙofar ba ta yi ba, an sha zuba mata mai.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ƙamshin turaren wuta ne ya tare ni, irin wanda Yaya take haɗawa da kanta. Ƙasa a share tas. Kwanukanta a jere suna ƙyalli. Gadonta a gyare, zanen gadon nan mai ruwan ƙwai ko lanƙwasa babu, da gani ba wanda ya zauna a kai. Takalmanta suna nan a gefe, a haɗe, kamar ta shiga wanka. Daga bayan ƙofa kuwa ga wata 'yar tabarma a shimfiɗe, tsakiyarta har ta lotsa, da carbi a kai.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, cikin rariyar. Na yi kewar yayata a wurin nan fiye da ranar da aka fita da ita.

Da hawayen ya tsaya sai na ɗaga kai. Ga shi can a jikin azara, daidai tsakiyar ɗaki, gidan rina ya kai faɗin murfin samira, toka-toka, ramuka reras. Na yi ta maza na ɗan taɓa shi da bakin tsintsiya, na ruga bayan ƙofa. Shiru. Na dawo na ƙara zungura. Shiru. Ko ƙuda bai tashi ba. Na uku na kai masa duka da gaske, ya faɗo tim a gabana, da nauyin da gidan rina ba ya yi.

Na cire rariyar na tsuguna. Ramukan duk wayam, a bushe, masu gida sun daɗe da yin ƙaura. A gindinsa, inda ya kamata a ga ɗan siririn wuyan da rina take liƙawa, wani dunƙulen ƙaro ne ya daskare, ya kai girman goro. Na juya shi. A gefe ɗaya shatin babban yatsa, shuɗi, raɗau. A ɗaya gefen yatsu huɗu a jere. Na sake ɗaga kai na dubi azarar, tabon ƙaro uku na ƙirga. Sau uku abin yana faɗowa ana mayar da shi.

Duk faɗin unguwar nan, in ban da marini wa zai taɓa abu ya bar masa shuɗi? Shi hannun nasa ya daɗe da daina ganin launinsa.

Daga zaure Zaharaddeen ya ɗaga murya. "Inna Nana, suna nan?"

Na cusa gidan rinar cikin hijabi na fito na kulle ƙofa. Na ce, "Ana magana da su. Tafi kasuwa abinka, kada ka dawo sai magariba."

"Magana kuma?"

"Na ce ka tafi."

Bayan azahar Malam ya yi sallama. Ya gan ni zaune a tsakar gida kusa da kaskon wuta, ya ɗan yi turus, sannan ya saki fuska. Ni da shi tun ina 'yar shekara goma sha biyu muke wasa, ranar da aka kawo Yaya gidan nan ni na riƙo mata fitila.

Ya ce, "A'a, yau rediyon Gwammaja ce a gidan namu? Shi ya sa tun daga bakin titi na ji kunnena yana ƙaiƙayi."

Na ce, "Sannu da zuwa, sarkin jarumai. Ya sanyi? Ya kuma maƙwabtan naka na ƙurya?"

Ya ja kujera ya zauna yana miƙa hannuwa ga wuta. Hannuwan nan shuɗi har gwiwa, faratan sun koma kusan baƙi. Ya ce, "Ke dai bari. Jiya ma na kasa kunne a ƙofar, sai gurnani suke yi."

"Gurnani! Allah sarki. Manya ne ke nan."

"Irin jajayen nan ne. Ɗaya ta harbe ki sai an kai ki asibiti."

Na ce, "Malam, tambaya gare ni, kai da ka san sana'a. Rinar gidan marini, ita ma rini take yi?"

Ya dube ni. Na zaro abin daga hijabi na ajiye a kan tabarma tsakaninmu, shatin babban yatsan yana kallonsa.

Wallahi da ina da waya mai hoto a hannu da na ɗauki fuskarsa. Ya buɗe baki ya rufe. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya har sau biyu, sannan ya ce, "To ai... suna zuwa karofi shan ruwa. Kowa ya san haka. Ƙila a ƙafa suka kwaso."

"A ƙafa."

"A ƙafa mana."

"Rinar da take da babban yatsa, da ɗan ali, da manuni? Ita ce kuma ta je kasuwar Kurmi ta sayo ƙaro? Miƙo hannunka mu gwada, in bai hau ba ni zan ba ka haƙuri a gaban 'yan karofi."

Ya ɓoye hannun a cikin riga kamar yaron da aka kama da sukari. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da tari, ni ma ina yi. Can na lura ni kaɗai nake dariyar. Shi ya sunkuyar da kai, gemunsa yana rawa.

Garwashi ya yi ƙara a kasko.

Ya ce, "Yaron ya gani?"

"Bai gani ba."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Da gaske suka zo, Nana. Daminar nan da ta wuce. Ranar da aka fara zancen gyaran ɗaki na shiga, ɗaya ta harbe ni a nan. Wallahi ina jin zafin ina godiya ga Allah. Na ce ga masu gadi an aiko mini, ba sai na buɗe baki na ce wa ɗana a'a ba. In na shiga na zauna a bayan ƙofa ba sa kula ni, ni ma ba na kula su. Da sanyi ya shigo sai na ga suna raguwa. Wata safiya na tarar da gidan a ƙasa." Ya shafa fuska. "Ban san sanda na jiƙa ƙaro ba."

"Sau uku."

"Huɗu. Ɗaya bai kama ba."

Na ce, "Kai ko kunya! Da furfurarka, kana hawa kujera kana yi wa ƙwari gini. Da ka faɗo ka karye fa? Me za mu ce wa likita?"

Ya ce, "Tayil za su sa. Su yi silin, su shafe bango da fenti, a fitar da gadon a kai wa wani. Na ji suna lissafi. In an gama, in na leƙa, ina zan ce nan take zama? Ba auren nake hanawa ba, Allah ya sani. Yarinyar kirki ce. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan ba shi makullin. Gari ya waye hannuna ya ƙi shiga aljihu."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na ce, "Ka dubi wuyan yaron nan kuwa kwanan nan? Ya zama kamar mariƙin ludayi. Jibi mutane za su zo, in suka koma ba su ga ɗaki ba shi ke nan, an fasa. Ita Yayar da kake gadin takalmanta, da tana nan ka san abin da za ta yi maka. Ba za ta ɗaga murya ba, tuwo za ta ajiye maka ba miya har sai ka dawo hanya."

Ya ce, "Ta taɓa yi. Kwana uku."

"Na sani, ni na ba ta shawarar."

Ya harare ni. Na ɗauki gidan rinar na ɗora a kan garwashi. Ya yi yunƙurin miƙa hannu, ya fasa. Nan da nan ya kama, ƙaron ya narke yana tsuwa, ya zama toka muna kallo.

Don in kawar da shirun ne kawai na ce, "To tunda kai da ɗakin nan kun ƙi rabuwa, ai sai a sa rana ka tare a ciki, mu huta."

Da wasa na faɗa, Allah shi ne shaida. Amma sai na ga ya ɗago kai yana kallon ƙofar turakarsa. Ya dubi ƙurya. Ya sake duban turaka.

Ya ce a hankali, "Turakar nan ciki da falo ce."

Ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa, don wa zai dubi maigida ya ce ya tashi daga turakarsa? Na ce, "Da banɗaki a ciki."

"Ta fi ɗakin yayarki girma sau biyu." Ya ja gemu. "Kai, a'a. Namiji a ƙuryar mata, cikin kwanuka? Me mutane za su ce?"

"Mutanen da suka riga suka ce rina ta kore ka? Har Gwammaja labarin ya kai. Mai kayan miya ma ya tambaye ni."

"Ƙarya kike yi."

"To ƙarya nake yi. Amma in aka kai Asabar zai zama gaskiya."

Da magariba Zaharaddeen ya dawo, Malam ya kira shi ya faɗa masa a tsaye, fuska a ɗaure, kamar mai ba da umarnin a kwashe karofi. Ya ce rina ta tashi, amma ya duba ya ga ɗakin ƙurya ya yi wa 'yar mutane kaɗan, saboda haka a gyara turaka. Yaron ya durƙusa ya ce shi ba zai iya tashin mahaifinsa ba. Malam ya ce, "Wa ya ce kai ka tashe ni? Ni na ga dama. Tashi ka nemo masu ɗaukar kaya." Har yau yaron bai san zancen ƙaro ba, kuma in ya ji daga bakin wani to ku ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi tarewa. Kayan ango ba su da yawa: akwatin ƙarfe, buzu, littattafai, rediyo, da wasu riguna da ya kamata a ce an yi sadakarsu tun zamanin da ake kashe kwabo. Shi ya ɗauko buzun da kansa ya ratsa tsakar gida. Yana sa ƙafa a bakin ƙofar Yaya na toshe hanci na rangaɗa guɗa.

Ya juyo. "Allah ya shirye ki, Nana."

"Amin. A shiga da ƙafar dama. A yi haƙuri, a yi biyayya, ban da yawan fita ba izini."

Masu ɗaukar kaya suka tuntsire. Ya ce su ɓace masa da gani, suka koma turaka wurin Zaharaddeen. Ni na bi shi ciki ina jera masa littattafai a kan akwati.

Ya shimfiɗa buzun a bayan ƙofa zai zauna. Na ce, "A'a. Wannan kuma an gama. Tsoho da kai, cikin sanyin nan, a ƙasa? Ga gado."

Ya tsaya yana kallon gadon. Ya goge hannuwansa a riga, ya sake gogewa, alhali a bushe suke. Sannan ya taka a hankali ya zauna a bakin gadon daga wajen kai, a ɗofane, kamar baƙo.

A wajen kan gadon akwai wata 'yar taga, ba ta fi faɗin faifai ba, da ɗan ƙyalle a jikinta. In kana tsaye ka leƙa, katangar maƙwabta kawai za ka gani. Ya sa yatsa ya ɗage ƙyallen don haske ya shigo. Sai na ga ya tsaya cak.

Ya ce, "Nana. Zo ki gani."

Ba sai na je ba, na san abin da yake gani. Daga daidai wurin nan, a zaune, lungun gaba ɗaya a buɗe yake, tun daga ƙofar zaure har kwanar da ake ɓullowa in an taso daga karofi.

Ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya. Ban taɓa yin sallama na tarar ruwan wanke hannuna bai yi zafi ba, ban kuma taɓa tarar da shi ya huce ba. Ni kuwa ba ni da lokacin tashi, wata rana azahar, wata rana sai kusan magariba. Na tambaye ta, ta ce ita dai jikinta ne yake ba ta."

Na ce, "Jikinta ina? Nan take zama, da ɗinkinta a cinya, ido a kan kwanar can. Tana hango hularka take tashi ta juye ruwa."

"Kin sani?"

"Tun tuni. Ta hana ni faɗa maka. Ta ce in ka ji kanka zai kumbura."

Ya yi ɗan murmushi, bai juyo ba. Ya gyara zama ya hau gadon sosai, ya jingina da bango, yatsansa riƙe da ƙyallen. Lungun ba kowa sai wata akuya da mai tallan gyaɗa, amma ya zuba masa ido.

Na fito na ja masa ƙofa. Zaharaddeen ya taho rungume da rediyo yana tambayar inda za a ajiye. Na ce ya bar shi a nan waje tukuna, Baba yana hutawa.